Kanumfarin Madam Rut

Wata Asabar da magariba, shekarar da na cika tara, ina tsaye a bakin tagar wani katafaren gida a unguwar Irving Park, can ƙasar Turawa, ina kallon sama. Ba mu daɗe da zuwa daga zangon Kumasi ba. Mama tana jinyar wata tsohuwa Bayahudiya, Madam Rut, kuma da yake babu inda za a bar ni, tare muke zuwa. Ni ke share busassun ganyen da ke zuba a ƙofar gida, ni ke ninke tawul, in na gama in zauna ƙarƙashin teburi ina wasan 'yar carafke da 'ya'yan itacen da na tsinto.

Madam Rut ce ta ba ni aikin duba taurari. In uku suka fito, Asabar ɗinsu ta ƙare, sai ta kunna wani kyandir mai kitso, ta yi addu'a, ta buɗe ɗan akwatin azurfa ta shaƙi kayan ƙamshin da ke ciki. Na taɓa tambayarta dalili. Ta ce, "Duk Asabar Allah yana ara mana rai na biyu, da magariba ya koma. Ƙamshin nan na rarrashin wanda aka bari ne."

Ni kuwa abin da na ji a zango shi ne, in kurwar mutum ta fita, ramewa yake ya mutu. Sai na ƙulla a raina cewa ƙamshin ne ke riƙe da ranta na ainihi, in babu shi zai bi baƙon ran nan su tafi tare.

To, ranar nan ina goge kwaba na buɗe akwatin, wayam! Ashe 'yarta ta zo daga garin Summerfield ta wanke azurfar, ta zubar da komai. Na kasa faɗa wa kowa. Na ga tauraro ɗaya, na ga biyu, na ga sun wuce ƙirge, amma duk sanda tsohuwar ta tambaya sai in ce ba su fito ba, ina leƙen ƙirjinta ko yana motsi.

Mama ta leƙo. "Ke Hawa, makancewa kika yi? Sama ta cika fal!" Na fashe da kuka, na ce in aka kunna kyandir Madam mutuwa za ta yi. Da ta gane zancen sai ta ce, "Ji min shirme," ta ciro ƙullin kanumfarin da ta saya don sobolo, wato zoɓo, ta zuba a akwatin. Madam Rut ta shaƙa, ta miƙo mini ni ma. Ta ce, "Wanda ya ba da aron ya san abin da ya zo karɓa."

Ranar wata Talata Madam Rut ta rasu, akwatin yana cike. Na gane tun lokacin cewa ƙamshi bai riƙe kowa. Duk da haka, yau in jaririyata Safiya ta yi dogon barci, nakan tsaya kanta ina kallon ɗan ƙirjinta kamar yadda na kalli na tsohuwar nan, kuma babu Mama kusa da za ta ce ji min shirme. Sai in yi salati, in je kicin in buɗe kwalbar kanumfari. Wanda aka bari nake rarrashi.