Ruwan Hansai

Ni mai gyaran keke ne a bakin kasuwar Maska, kuma a cikin duk waɗanda na taɓa liƙe wa taya ban ga mai azabtar da keke kamar Dorkas ba. Maman Luka muke ce mata. Kekenta baƙi ne, na maza, gadon mijinta Istifanus wanda ya yi aiki a gidan gurzar auduga a Funtua har ciwon ƙirji ya ɗauke shi. Ba ta raga wa keken nan ba ko kaɗan: ƙaya, laka, kwazazzabai, ko'ina sai ta tura shi. In na yi mita sai ta ce, "Malam Maitama, in bai lalace ba me za ka ci?"

Kafin ta fara aikin lafiya daddawa take sayarwa, kuma ta iya talla. 'Ya'ya biyu ta haifa. Ƙaramar, Roda, gudawa ce ta kashe ta tun tana goye, wajen shekara ta saba'in da huɗu. A zamanin nan in yaro yana zawo hana shi ruwa ake yi, wai kada a ƙara wa cikin gudu. Haka Dorkas ta yi, don haka kowa yake yi. Babban, Luka, ya tafi Kaduna neman aiki, sai Kirsimeti ake ganinsa, shi ma ba kowace ba. Ta zauna ita kaɗai a gidanta na gefen gari, daga ita sai kaji. Daga baya aka ɗauke ta share-share da wankin kwanoni a ɗan asibitin sha-ka-tafi.

A shekarun da ake layin sukari da sabulu, aka kira irin su Dorkas zuwa Malumfashi aka koya musu wani haɗi. Ruwa mai tsabta, gishiri ƙaramin cokali ɗaya a shafe, sukari ƙwaya biyar, a riƙa ɗura wa yaro kaɗan-kaɗan. Aka ce musu ba gudawar ce ke kisa ba, ƙarewar ruwan jiki ce. Ranar da ta dawo ta jingina keke a rumfata, ta zauna a bencina. Can ta ce, "Ashe Malam Maitama maganin yana cikin ɗakina a ranar. Gishiri ga shi, sukari ga shi." Sai na kama duba sarƙar da ba abin da ya same ta.

Awon ruwan kuwa iri biyu aka nuna musu: kwalbar lemo biyu, ko babbar kwalba ɗaya. Ita mai keke ce, ta ga ɗaya ta fi sauƙin ɗauka. Ta samo babbar, koriya, ta kankare takardar jikinta, ta wanke ta tas, ta ɗaure a bayan keke. Matar da ko burkutu ba ta taɓa kai wa baki ba, ina za ta kawo a ranta cewa kwalbar giya ba ta wankuwa a idon mutane?

Ta fara bi gida-gida tana koya wa mata, gidajen farko suka karɓe ta. A wani gida ne maigidan ya shigo ya tarar da ita a tsakar gida da koriyar kwalba, tana ɗura wa ɗansa wani abu da cokali. Bai tsaya tambaya ba. Kafin ranar kasuwa ta zagayo, zance ya kai har ƙauyukan hanyar Funtua: wai wata Kirista tana bi gida-gida tana shayar da 'ya'yan Musulmi giya. Mutanenmu ke nan. A ce musu ga abin da zai ceci yaro, sai an yi wata ana roƙonsu, amma ƙarya ko kuɗin mota ba ta nema. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi.

Nata mutanen ma ba su bar ta ba. Dattawan majami'arsu ba sa wasa da zancen giya, suka kira ta suka yi mata tambayoyi. Sun yarda da bayaninta, amma matan zumunta suka fara matsawa in ta zauna a benci. Ta yar da kwalbar, ta koma ta lemo. Ina, suna ya riga ya kama: Mai Kwalba. In ta yi sallama sai a turo a ce matan gidan suna barci, da rana tsaka, ana jin dakansu.

Damina ta kama, gudawa ta shigo gari kamar yadda ta saba. Wani lokaci muna zaune za a wuce da 'yar ƙaramar gawa a tabarma. Dorkas sai ta kau da kai, ta ƙura wa ƙasa ido.

Wata rana ta ce mini, "Da ina daddawa, in wata ta ɓata da ni, ba na daina sayar mata. 'Yar maƙwabta nake ba kayan ta kai mata. Mutum ba kaya yake saye ba, fuskar mai kayan yake saye. Tawa fuskar ta ɓaci."

Wajen Hansai ta je. Hansai mai fura ce, bazawara, ga baki ga fara'a, ba gidan da ba ta shiga har ƙuryar ɗaki. Dorkas ta zaunar da ita ta koya mata awon har ya zauna, sannan ta koya mata yadda za ta sayar da shi. Kada ta kira shi maganin asibiti, don in an ce asibiti allura mata suke so. Kada ta ce yana tsayar da gudawa, don ba ya tsayarwa nan take, kuma ranar da uwa ta kama ki da ƙarya kin rasa ta. Ta ce yana maido wa yaro ƙarfi, ido ya fito daga rami. Kada kuma ta ba da shi a matsayin kyauta, don abin da aka ba mu a banza raina shi muke yi. Ta ba da shi gyara. Mace ta sayi fura, Hansai ta ƙara mata ɗan curi a kai kamar yadda aka saba, sannan ta ce, "Ga wata gyarar kuma, ta yaronki." Wa ya taɓa mayar da gyara?

Sharaɗi ɗaya Dorkas ta kafa. Kada sunanta ya fito, kada kuma a ƙara ganinsu tare. Hansai ta yi gardama, ta ce wannan ai zalunci ne. Dorkas ta ce, "Ƙawata, in suka ji ƙamshina a jiki za su zubar." Hansai ce fa mace ɗaya da ta rage tana tsayawa su gaisa a kasuwa. Daga ranar, in sun haɗu sai kowace ta kalli wani wajen.

Abu ya karɓu. Hansai har waƙa ta yi wa awon, mata suna rerawa a bakin turmi. Masu tebur suka fara ƙulla sukari biyar-biyar a leda don sun ga ana nema. Aka sa masa suna ruwan Hansai. Wata ta ce a Makka aka koya mata, alhali Hansai ko Kano ba ta taɓa zuwa ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan gardin ma ba a son ransa ba ne. Dorkas ta ci gaba da shararta a sha-ka-tafi. Keken ya daina zuwa ƙauyuka, amma ba ta daina kawo shi ba. Ta ce birki, ta ce iska. Na gane wurin zama take nema, nakan ja aikin.

Shekaru kaɗan bayan an ba Katsina jiha, ranar wata kasuwa, tana zaune a bencina sai ga wata yarinyar mace da goyo, baƙuwa, an auro ta daga wajen Malumfashi. Ta raɓe a inuwa tana jiran mijinta. Dorkas ta leƙa fuskar yaron ta ce ya ɗan faɗa.

"Gudawa ya yi, Gwaggo, amma ya warware. Ruwan Hansai na yi ta ba shi. Ba ki san shi ba?"

"Ina fa na sani, 'yata. Yaya ake yinsa?"

Yarinyar ta gyara zama, ta lissafa mata tiryan-tiryan, har tana nuna yadda ake shafe cokali da yatsa. Sannan ta rage murya. "Amma ki kula. An ce akwai wata mashayiya a garin nan, Mai Kwalba, tana yawo da nata na jabu. Kada ki yarda ta taɓa miki jika."

Na ajiye sifana, na buɗe baki. Dorkas ta dube ni, kallo ɗaya, na rufe.

"Na ji, zan kula," in ji ta. Ta matsa ta yi wa yarinyar wuri a bencin. "Zauna nan kusa da ni. Sake faɗa mini daga farko, kaina ya tsufa."

Yarinyar ta zauna, ta kwance goyon ta ɗora mata a cinya don ta sami hannun nunawa, ta fara daga ruwan.