Sanda ta Shida

Cikin duk shekarun da na yi ina karanta ma'aunin ruwa, ranar da ta ƙi fita daga raina ita ce ranar da Injiniya Sidi ya bi ni tafkin kan tudu don ya gani ko ni maƙaryaci ne. Ku da kuka shigo aikin bayanmu, ku saurara, zan faɗa muku bi da bi.

Da farko, ga yadda aikin yake. Tafkin yana saman wani faffaɗan tudu, tafiyar awa biyu a babur daga gidana a Ƙofar Rini. Babu kogin da ke shiga cikinsa, babu mai fita. Abin da damina ta zuba, shi rana da iska ke sha. Shi ya sa ofishinmu ke sa masa ido, domin duk canjin da yanayi ya yi, a jikinsa ake fara gani. An kafa sandunan ƙarfe biyar masu lamba, daga gaɓa zuwa ciki, kowace ƙasa da wadda ta gabace ta. Ni ƙaramin ma'aikacin awo ne. Litinin da Alhamis nakan je, in duba inda ruwa ya tsaya a jikin sanda, in rubuta a littafi, in kai ofis.

Lokacin da na fara aiki, ruwa ba ya sauka ƙasa da sanda ta uku. Daga baya damina ta riƙa makara tana ɗaukewa da wuri, zafin bazara ya ƙaru. Ruwa ya bar ta uku, ya bar ta huɗu. A shekarar da nake ba ku labari, ta biyar ma ta tsaya a kan busasshiyar ƙasa. Na rubuta abin da na gani: babu ruwa a sanda.

Injiniya Sidi shi ne sabon shugaban sashenmu. Ya kira ni, ya miƙo mini takardar tuhuma.

"Malam Bello, na duba tsohin littattafai duka. Tabkin ga bai taɓa yin haka ba. Ko gida kaka zama kana rubutu?"

"Ranka shi daɗe, mu tai ka gani."

"Za mu. In na iske ruwa ga sanda, ka aje littahin nan ka nemi wani aiki."

Saura mini shekara huɗu in yi ritaya, kuma ban iya wata sana'a ba.

Mun isa ranar Alhamis da hantsi. Abu na farko da na lura da shi, shiru. Wurin da belbelu da kirinjijiya ke cika wa mutum kunne, ko tsuntsu ɗaya babu. Muka sauka a ƙafa. Ina gaba ina kiran sandunan da lambarsu, yana bayana, ƙasa na ɓarewa a ƙarƙashin takalmanmu.

Can ƙasa da ta biyar muka tarar da Baffa Altine, wani tsohon makiyayi da ya girmi aikinmu a wurin. Gidansu suna da al'ada: kowane ƙarshen bazara, babba a gidan yakan ajiye dutse ɗaya a inda ruwa ya tsaya. Duwatsun kakansa suna can sama kusa da gaɓa, na mahaifinsa suna biye. Nasa na 'yan shekarun nan kuwa, kowane ya yi wa na baya nisa. Ga shi tsaye da dutsen bana a hannu, bai ajiye ba. Shanunsa sun taru a bayansa, ga ƙishi, amma ko ɗaya ba ta sa baki a ruwa ba.

Na ce, "Baffa, lahiya? Mi ya hana ka aje?"

Ya ce, "An riga ni."

Ya nuna da sandarsa. A bakin ruwan, cikin taɓo, akwai duwatsu a jere. Ba ɗaya-ɗaya ba irin nasu. An kewaye wurare ne da su, kowane tsawon mutum, kai kudu. Na ƙirga bakwai a fili. Sauran sun shige ƙarƙashin ruwa, sahu bayan sahu, har inda ido ya gaza. Uku daga cikin bakwai ɗin gajeru ne ƙwarai.

Injiniya ya tambaya a hankali, "Su wa ne?"

Baffa ya ce, "Kakana bai san da su ba. Nasa kakan ma bai hwaɗi ba."

Injiniya ɗan gidan malamai ne. Ya cire takalmansa a cikin taɓon nan, ya yi musu sallama irin wadda ake yi a maƙabarta, muka yi addu'a mu uku.

To, ƙa'idar aiki ta ce idan ruwa ya bar sanda ta ƙarshe, a kafa sabuwa a layi ɗaya da sauran. Na ja igiya daga ta huɗu zuwa ta biyar, na miƙe ta. Ta faɗa a kan ɗaya daga cikin gajerun.

Na ce, "Ranka shi daɗe, ga inda layi yak kawo."

Ya ce, "Karkata shi. Ni za ni sa hannu."

Muka matsa taki ashirin yamma, muka kafa ta shida a can. Ya karɓi littafina, ya rubuta dalili, ya sa hannu a ƙarƙashin kalmomina. Takardar tuhumar kuwa, ya karɓe ta ya ninke ya sa a aljihu, ban sake ganinta ba.

Abin da na koya biyu ne. Na ɗaya, ka rubuta abin da idonka ya gani, ko da babu mai yarda. Na biyu, littafin ofis ba shi ne farkon labarin ruwa ba. Ka tambayi mai shanu kafin ka rantse da littafin.

Duk wanda aka tura can a cikinku zai ga sanda ta shida a karkace. Kada ya gyara ta. An gaya mini bana ita ma tana kan busasshiyar ƙasa, kuma sahun da ya fito ya kai tara. Idan ka je kafa ta bakwai, ka fara da sallama.