Sau Biyu Ba Ka Tambaye Ni Ba, Bekir

Na Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga Fabrairu, 2025, wadda ta yi daidai da sha biyu ga Sha'aban, Allah Ya karɓi ran Bekir Murawski, ƙanin matata, mai kula da makabartar ƙauyenmu, bayan jinyar ƙirji. Ya rasu yana da shekara saba'in da huɗu. Ni da na girme shi da takwas, ga ni zaune.

Masu mujallar jama'armu ta Tatar, Musulmin ƙasar Poland, sun so a ba wani mai ilimi ya rubuta wannan, tunda kowa ya san ni da Bekir ba ma ga maciji a shekarun nan. Na ce musu mai ilimin bai san shi ba. Aji uku na yi na koma jima wurin ubana, amma zan faɗi abin da na sani, kuma kada a gyara mini.

Bekir, ranar da na zo neman yayarka Rozalia kana ɗan saurayi, ka toshe hanci ka ce gidanku ya fara warin fata. Daga ranar ban sake jin sunana a bakinka ba sai Majemi. In kana neman wani abu ne kawai nake zama Yaya.

Da ka shiga aikin tsaron iyaka mahaifiyarku ta yi kuka, ta ce za su ciyar da kai alade. Ka nuna mata hoton kakanku a kan doki, cikin kakin sojan Poland, da jinjirin wata a wuyan rigarsa, ka ce shi ai bai kafirta ba. Zamanin 'yan gurguzu ne, ba a azumi a bariki. Sai ka ƙirƙiro ciwon ciki, wata guda cur kowace shekara ba ka cin abincin rana. Da aka yi shekaru ana haka, shugabanku ya kira ka ya ce, "Murawski, wannan ciki naka da wata yake tafiya? Bara a damina ya kama ka, bana tun bazara." Ka ce likitoci ma sun rasa gane kansa. Ya yi dariya ya mayar da kai gadin dare har watan ya fita. Kai kake ba da labarin nan don a yabi mutumin. Ni kuwa har gobe haushi nake ji, a ce mutum sai ya yi ƙarya kafin ya bauta wa Ubangijinsa a ƙasar kakanninsa.

Nan muka bambanta. Shekara ɗari shida muna cikin ƙasar nan, amma da wani mahaukaci ya yi ɓarna a wata ƙasa, sai ka ga maƙwabcin da kuka yi wasan ƙasa tare yana tambayarka ɓangaren da kake. Su kuma masu wa'azin da ke zuwa daga birni su ce Musuluncinmu ya gurɓata, muna kunna kyandir a kan kabari kamar 'yan coci, muna karatun da ba mu san ma'anarsa ba, 'ya'yanmu na sa kakin kafirai. Ni zagi nake yi, ko wane ɓangare ya taɓo ni. Kai sai ka zuba wa mutum shayi, ka ja shi makabarta, ka bar shi ya karanta duwatsun da kansa: ayar Alƙur'ani a sama, muƙamin soja a ƙasa. Ba ka ƙara ko kalma ɗaya.

Sai kakar da mutane suka fara kwararowa ta daji daga gabas, 'yan Iraki da Sham da Yaman da wasu ƙasashen da ban san su ba. Ɗanka Roman, wanda ya gaje ka a aiki, yana tsaye a bakin wayar iyaka. Kai da matarka Tamira kuka ɗora babbar tukunyar masallaci. Da safe ka kai wa yaran da ke gadi miyar dankali, da yamma ka aika ragowar ta hannun masu shiga daji da barguna. Wasu suka ce Tatar sun nuna ainihin launinsu. Wasu suka ce kana ciyar da masu korar 'yan'uwanka Musulmi. Ka ce tukunya ba ta tambayar fasfo. Ka ce ƙasa ta sa ɗanka ya tsare iyaka, ba ta ce a bar wa kyarkeci gawa ba. Ban taya ka ba, amma ni na ba ka itacen da aka dafa miyar, a rubuta wannan.

Yanzu ga abin da ya shiga tsakaninmu, don na gaji da jin ana faɗarsa a karkace.

Tun da Rozalia ta rasu, abu ɗaya ya rage mini a duniya, wato wurin da ke gefen kabarinta na hagu. Na dama naka ne, tsakaninta da mahaifiyarku, wannan ba a jayayya. Ni ba ni da layi a makabartar nan. Uwata tana kwance a ƙetaren iyaka, a ƙauyen da aka wayi gari bayan yaƙi aka ce ba Poland ba ne. Ubana yana can yamma, inda jirgin ƙasa ya zube mu. Wannan ɗan wurin shi ne duk ƙasar da na mallaka. Kowace kaka, kafin sanyi ya kama, nakan sassauta shi da diga, in lulluɓe shi da takin doki da busasshiyar ciyawa don kada ya daskare. Ba na so a ce Selim ya wahalar da mutane yana raye, ya kuma wahalar da su da haƙa. Kai kuwa ka riƙa tsayawa a kaina kana cewa, "Majemi, kabari kake tanadi ko gonar kabewa?"

A tsakiyar sanyin shekara uku da suka wuce, na tafi birnin Białystok duba idona. Ashe su Roman sun tsinci gawar wani saurayi a bakin fadama tun makonni, babu takarda, babu suna, sai carbi a aljihu. A ranar aka ce maka ka ɗauka yau, in ba haka ba gobe a binne shi a makabartar gari da lamba a kansa. Ƙasa ta zama ƙarfe, diga na tsalle, wuta kuma sai ta kwana biyu tana ci kafin a iya tonawa. Wuri ɗaya ne mai laushi a duk makabartar.

Washegari na hau gaishe da Rozalia na tarar da sabon tudu. Na same ka a ƙofar masallaci kana share ƙanƙara.

"Waye a wurina?"

"Baƙo ne, Yaya. Ƙasarka ce kaɗai ta yarda a tona ta."

"Sunansa?"

"Allah Ya sani."

"Ka kwantar da ƙaton da ba ka san sunansa ba kusa da yayarka?"

Ka jingina da shebur ka ce, "Rozalia ba ta taɓa korar baƙo ba. Kai ma ai haka ta karɓe ka."

Har yau ina nan a kan bakana. Akwai waya a aljihunka, akwai a nawa. Da ka tambaye ni, wataƙila in ƙi, wataƙila in yarda. Ni kaina ban san wanne zan yi ba, kuma kai ka hana ni sani. Wannan shi ne abin da ka ƙwace mini, ya fi ƙasar ciwo.

Na daina cin abincin gidanka. Na sauya sahu a masallaci. Amma ba Juma'ar da ba ka ajiye mini kwanon kolduni mai zafi, curin fulawar nan namu mai nama a ciki, a kan taga ba, ka ƙwanƙwasa gilashi ka ce mage ka kawo wa. Ba ni da mage. Daga baya aka kawo wasu gawawwakin, ka hura musu wuta a can bakin shinge, ka jera su, kana share musu ciyawa kamar 'ya'yanka. Na ji ka gaya wa wani ɗan jarida cewa yanzu sun sami izinin zama wanda ba mai iya ƙwacewa. Na ce a raina, mutumin nan baki gare shi. Na so in gaya maka, amma ba ma magana.

Ranar jana'izarka abokan aikin Roman suka zo da tutar ƙasa. Sabon limaminmu, yaro ne da ya yi karatu a waje, ya fara jan ƙafa. Na ce masa, Malam, ɗaga kanka ka dubi duwatsun nan, waɗanda ke ƙarƙashinsu sun riga ka sanin Allah, kuma wannan tutar suka bi. Aka rufe makara da koren mayafinmu, tuta ta shige gaba. Maƙwabta 'yan coci suka tsaya a bakin ƙofa da huluna a hannu, har da wanda ya taɓa tambayarka ɓangaren da kake.

Na ga hayaƙi daga tagata kwana biyu, ban tambayi inda aka hura ba. Da masu makara suka iso layinku sai na ga ba su tsaya ba. Na ɗaga sanda na ce sun wuce. Roman ya ba wani kafaɗarsa ya dawo wurina, cikin kakinsa, idonsa jajir.

"Ba mu wuce ba, Baba. Cewa ya yi a kai shi bakin shinge, wurin baƙinsa. Ya ce wurinsa naka ne. Ya ce kuma in ka yi faɗa a ƙyale ka ka yi, kada wanda ya tanka."

Ban yi faɗan ba. Na neme shi na rasa.

To ga shi yanzu ina yi. Karo na biyu ke nan ka yanke hukunci a kaina ba ka tambaye ni ba. Ka sa ni tsakanin Rozalia da surukata, matar da ta mutu ba ta yarda na isa 'yarta ba. Kai kuma ka tafi can ƙarshen shinge inda iska ke kaɗawa, cikin mutanen da ba sa jin yarenmu. Da wa za ka yi zolaya a can? Ni da wa zan yi rigima a nan? Da ka tambaye ni, da na ce ka riƙe wurinka, ka dai ƙara mini ko da shekara ɗaya kana ƙwanƙwasa tagar nan. Ranar Juma'a na zauna kusa da ita har aka kira salla.

Na gaya wa Roman na karɓi wurin. Ya sani, liman ma ya sani.

Tamira, ƙanwata, Allah Ya ba ki haƙuri, Ya sa ke ma ki sami mai ɗora miki tukunya ranar da kike bukata. Roman da 'yar'uwarka Emilia da 'ya'yanku, ubanku bai bar muku abin kunya ba, a masallaci ko a bariki. Ina yi wa jama'ar ƙauyenmu ta'aziyya, da iyayen waɗancan baƙin, duk inda suke, waɗanda ba su san sun yi rashin mai share wa 'ya'yansu kabari ba.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Bekir ɗan Ibrahim. Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka karɓe shi yadda ya karɓi waɗanda ba su da mai karɓa. Ka jiƙan Rozalia, da saurayin da ke gefenta wanda Kai kaɗai Ka san sunansa. Ka shaida na yafe wa Bekir na farkon, duniya da lahira. Na biyun kuwa, Ka haɗa mu a Aljanna, can zan gaya masa da bakina.

Selim Radkiewicz, majemi