Sai An Sanar da Iyalansu

Shekara ashirin da uku Anti Sanarwa ta yi tana buga takardu a ofishin hulɗa da jama'a na barikinmu. Farar hula ce, amma har Manjo, shugaban ofishin, shakkarta yake ji, don in ya rubuta shirme sai ta mayar masa da takardarsa ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba zai fita da hannuna ba." Ni ne mai ɗaukar hoto, teburina na kallon nata, kuma na sha faɗanta har na ƙoshi.

Dokar ofishin ɗaya ce. In soja ya rasu, sunansa na zuwa mana tun da safe, amma sanarwar da za a ba 'yan jarida adadi kawai take faɗa, ta rufe da cewa ba za a bayyana sunaye ba sai an sanar da iyalansu. Anti ce ke buga layin nan, ita ce ke kulle sunayen a durowa. 'Yan jarida sun yi mata daɗin baki har sun gaji, ko tari ba ta taɓa yi musu ba.

Sai autanta ya shiga soja, shi da ɗan maƙwabciyarta mai ɗinki, aka tura su runduna ɗaya. Tun daga nan wayar ofis ba ta yin ƙara ba tare da Anti ta zabura ba.

Ranar wata Talata aka kira Manjo a waya. Na ji ya ambaci rundunar su Auta, ita ma ta ji. Ya tura ƙofa, can sai muka ji yana buga sanarwar da kansa, da yatsa biyu, abin da bai taɓa yi ba. Anti ta kira Auta sau tara, waya a kashe. Ta ɗauki kofin shayi, ta ajiye ba ta sha ba. Ni kaina na yi ta goge kyamarar da ba ta da datti.

Daga ƙarshe ta miƙe ta buɗe ƙofar ba sallama.

"Ranka ya daɗe, ni ma iyali ce. In nawa ne, sanar da ni."

Manjo ya miƙa mata takardar da ya rubuta sunan a kai. Suna ɗaya ne. Ba Auta ba ne, ɗan mai ɗinki ne. Ta ce alhamdulillahi, sai ta toshe bakinta da hannu don kunyar abin da ta faɗa.

"Shi ya sa na so in raba ki da wannan sanarwar, Anti," in ji Manjo. "Masu kai saƙo sai gobe za su je gidan."

Ta zauna ta gyara masa kurakurai huɗu a sanarwar, ta buga layinta, ta kulle durowa.

Da yamma na rage mata hanya a babur. Mai ɗinki na bakin ƙofa da keken ɗinkinta, ta ɗago tana murmushi.

"Yaya, an dawo? Ba labarin yaranmu ko?"

Anti ta damƙe kafaɗata har na ji zafi.

"Ban ji komai ba," ta ce. "Zo ki kwana a wajena yau, kaina ke ciwo."