Jinin Gwaggo

Gwaggona fura take saidawa bakin tashar Illela, tun ina yaro. Direbobin Konni ma sai sun sha tata kafin su tsallaka iyaka. Ni kuwa duk garin da na je na dawo, sai na ce mata na sha wadda ta fi tata, ta bi ni da ludayi.

Da shekaru suka ja, yatsunta suka fara kumbura, sannan gwiwoyi, da safe kamar an ɗaure su. Wani direba maƙwabcinmu ya kai ta asibiti Sakkwato. Likita ya yi musu bayani da Hausa mai kyau. Ya ce kowa na da sojoji a jini masu yaƙar cuta, kuma umarnin da ke tada su, ya kwantar da su, daga iyaye ake samo shi. Nata sukan tashi ba abokin gaba, su afka wa gaɓoɓinta. Kumburin nan yaƙin ne.

Direban ba mugu ba ne, baki gare shi. A tasha aka tambaye shi, "Mi likita yac ce?"

"Ya ce jininta ka cin nama. Kuma gado na."

To a wajenmu abu ɗaya ne ke cin mutum kuma a gaje shi: maita. Kafin sati, fura na tsami a ƙwarya ba mai saye. Na zauna a rumfar mai shayi na maimaita zancen sojojin nan, yadda Gwaggo ta faɗa mini, da dukan iyawata. Wani dattijo ya saurare ni har ƙarshe, ya ce, "Kai ma ai jininta na," ya janye kofinsa.

Da damina ɗiyar maƙwabta ta kwanta da zazzaɓi. Mata suka zo suka ce Gwaggo ta ƙetare ta, don ta saki kurwar, yadda ake sa wanda ake zargi. Gwaggo ta ce to, in hakan zai sa a bar ta. Aka shimfiɗa yarinyar a tsakar gida. Gwaggo ta dafa kafaɗata, ta yi ta ƙoƙarin ɗaga ƙafa, gumi na zuba. Gwiwar ta ƙi lanƙwasa.

Uwar yarinyar ta juya ga jama'a, ba ko ɗaga murya.

"Kun dai gani. Ta ƙiya."