Tsuntsuwar da Ta Ƙi Sauka Tafki

A Jidda aka haife ni, kuma ban taɓa ganin ruwa yana gudu da kansa ba sai in an yi ambaliya. Kakata, wadda muke kira Hajja, daga duwatsun Mambila ta zo aikin Hajji tana matashiya, ba ta koma ba. Bayan magariba takan hura gawayi a rufin gidanmu na unguwar Madain Fahd, ta ɗora shayi, mu jikoki mu kewaye ta. Ranar da ta ce a garinsu ruwa wuni yake ya kwana yana zuba daga dutse, na tambaye ta wa ke rufe famfon. Ta yi dariya har sai da ta share hawaye da gefen mayafi.

Tatsuniyar da ta fi so ita ce ta wata 'yar tsuntsuwa mai tsayawa kan dutse a tsakiyar ruwa mai ƙarfi. Takan nutsa ta tsinci abincinta a ƙarƙashin tsakuwa, ta fito tana waƙar da ta fi rurin ruwan tashi. Sai mutane suka sare itatuwan bakin rafin, ruwa ya koma laka. Kurciyoyi suka ce ta sauko tafki inda ruwa yake kwance, ta koyi kukansu, kowa ya daina ganin ta baƙuwa. Ta ƙi. Ta haura can sama inda ruwan ya rage kamar zare, ta ci gaba da waƙarta.

Kawu Sale, wanda ke dako a tashar jiragen ruwa, bai so wannan zaman ba. Wata rana ya hawo ya ce a daina yi mana Hausa. An yi wa ɗansa dariya a layi saboda harshensa, kuma wanda ba shi da iƙama, wato takardar izinin zama, bai kamata bakinsa ya tona shi ba. Tsoro ne ya sa shi, Allah ya jiƙansa, ba rainin uwa ba.

Hajja ko ɗagowa ba ta yi ba. "Halas, shi ke nan, Sale, na ji. A titi su yi Larabci, ni ma da shi nake salla. Amma a rufin nan, da bakin da na yi maka waƙar goyo zan yi magana. In ya yi maka nauyi, ga matakala nan."

Sai ya zauna. Ta miƙa masa shayi, ta ɗora daga inda ta tsaya.

Ba ta taɓa gaya mana ko tsuntsuwar ta tsira ba. Bara wata baƙuwar Umra daga wajajen Mambila ta ce min rafukan sun ja baya, ganin irin tsuntsayen nan yanzu sai an yi sa'a. Na daɗe ina juya maganar a kan sallaya.

'Yata Ruƙayya tana jin Hausa sarai, amma da Larabci take amsa min. Maƙwabta suna cewa in haƙura, zamani ne. Ban haƙura ba. Da Hausa nake tashin ta sallar asuba, da ita nake yi mata faɗa, da ita nake sa mata albarka. Abin da za ta riƙe, Allah ne masani. Amma in harshen nan zai mutu a gidanmu, ba a bakina zai mutu ba.