Ƙyallen Zanena a Kan Motar Soja

Kafin shaguna su buɗe a Jimeta, Bappa Hamajoɗa ya riga ya taso daga Alkalawa a kan kekensa. A jakarsa akwai basilla biyu, zare mai kauri, dunƙulen kakin zuma da reza. Yakan shimfiɗa buhu a gindin darbejiya kusa da ƙofar bariki, ya jira a sauko masa da tampol ɗin motocin soja ya ɗinke. Shekara arba'in da biyar yana wannan zama. Watan jiya ya ce ido ya gaji, ya ajiye basilla. Shi ya sa na ce sai na faɗi abin da na sani.

Sana'ar gado ce. Babansa ya yi wa manyan motocin nan Bilhodi rufi a yaƙin basasa, shi kuma ya fara da manyan motocin da ake kira roka. In ya kama labarin motoci ba ya ƙarewa: wadda ke hawa dutse, wadda ke tsoron laka, wadda sai soja goma sun tura ta. Yakan ce, "Makaniki ya san cikin mota, ni na san rigarta."

Ni ce Keturah, matar Kofur Zadok, direban motar da ke kai sojoji da abinci bakin daga. Shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan ta'adda, motoci suka yi ta ƙetare gada suna yin arewa. Waya ba ta shiga can. In ayari ya dawo, mu matan direbobi sai mu taru a bakin ƙofa, amma duk motocin kore ne, laka ta rufe lamba. Surayya, matar Saje Hayatu, ita ta fara kai kuka.

"Bappa, duka motan iri ɗaya ne. Wanne ne namu?"

Ya ce, "Gobe kowacce ta yanko mini ƙyallen zanenta, kamar tafin hannu."

Ya ɗinka kowane ƙyalle a kusurwar tampol ta gaba, saman kan direba. Wani hafsa ya tsaya ya tambayi dalili. Bappa ya ce, "Ranka ya daɗe, koren faci ya ƙare, ruwan sama kuma ba ya jira." Hafsan ya dube mu, ya wuce.

Nawa atamfa ce rawaya mai ƙananan tsuntsaye, wadda na ɗaura ranar baftismar ɗanmu Joel. Da Zadok ya gani sai ya riƙe baki.

"Keturah, ko a daji ba za ki bar ni in huta ba? Yanzu har kin hau kaina."

Na ce, "Dole in ga wa kake ɗauka a hanya."

Wata huɗu muna haka. Tun mota na nesa kowacce ta san nata ya dawo. Ran wata Alhamis da la'asar, maƙwabciyata Becky ta ƙwala mini kira: "Maman Joel, tsuntsayenki sun dawo!" Na bar tukunya a wuta, na fita ba takalmi, ina guɗa har bakin mota. Ƙofa ta buɗe, wani soja daban ya sauko. Ya kasa dubana. An yi musu kwanton ɓauna kwana uku da suka wuce, a can aka binne Zadok. Motar ce kaɗai ta dawo. Bappa yana gindin bishiyarsa da basilla a hannu, ya ga komai.

Washegari ba a gan shi a wurin ba. Ashe ya koma bakin gada, inda motoci ke tsayawa a duba su kafin su shigo gari. Duk wadda ta tsaya sai ya leƙa ya ce, "Mai motar fa?" In mai ita ya amsa, ya ɗaga masa hannu. In aka yi shiru, sai ya hau da rezarsa, ya warware ƙyallen, ya sa a aljihu. Daga ranar babu macen da ta sake yin guɗar da na yi. Labari kan same ta a ɗakinta, a zaune, da fasto ko liman a gefe. Haka ya sami Surayya.

Bappa, kai ne ba ka da igiya a kafaɗa, ba ka taɓa riƙe bindiga ba. Kai ne ka tsaya a rana shekara biyu don hawayen matan da ba 'ya'yanka ba, ba ka tambayi wadda ke zuwa coci da wadda ke sallah ba. Mai basilla, mai rufa asirin mota da na mutane.

Da ya ajiye aiki, ya zo ɗakina a Gwadabawa da gwangwanin madara. Ƙyalle tara ne a ciki, yana bi gida gida yana mayarwa. Ya zaro nawa, ya miƙo mini.

"Ɗiyata, shekara goma na kasa kawo miki. Ni na sa ki guɗa ran nan."

Na ce, "Bappa, wata huɗu ka ba ni ina ganin ran mijina tun daga nesa. Rana ɗaya ba za ta cinye wata huɗu ba."

Rawayar ta koɗe, da ƙyar ake ganin tsuntsayen, amma zarensa na nan a gefe. Ƙyallen ya sha ruwan saman da Zadok ya sha, ya sha ranar da ya sha. Na sa shi cikin Littafi Mai Tsarki. Motocin yanzu yawancinsu ƙanana ne, bayansu a buɗe, ba wurin ɗinka komai. Duk da haka in babba ta wuce, idona kan tafi kusurwar nan kafin in tuna.

Na gode, Bappa. Useko, kamar yadda kuke faɗa. Allah ya ba idonka hutu. Ku kuma masu ƙaramar sana'a a bakin hanya, ku riƙa ɗaga kai kuna duban wanda ke tsaye yana jira, yadda shi ya yi.

Saura biyu a gwangwanin, masu su sun tashi ba a san inda suka koma ba: shuɗi mai ganye, da ja mai ɗigon fari. In kin gane naki, yana Alkalawa, ya adana miki.